Tumbuɗin da Ba na Ƙoshi Ba

Fatakwal,
ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci.

Zuwa ga 'yata Binta,

Assalamu alaikum. Damina huɗu ke nan rabona da Ƙarfi. An ɗaura aurenki ba na nan, kin haihu ba na nan, an yi suna sai a waya na ji guɗa. Ina gaishe ki da jego. Ki gaida innarki da ƙannenki, ki kuma gaida wannan baƙon da ya lallaɓo ya ƙwace mini mata ina nan ina dakon buhunan mutane. Allah ya raya shi, ya tsare ku daga abin da ke kan hanya da abin da ke cikin daji.

Ba zan ba ki labarin nan ba. Ruwan sama ne, da dako, da ciwon baya. Jiya haka, yau haka.

Innarki ta ce mini da an cire masara za ki koma ɗakinki a Bakori. Na san kin wuce arba'in ɗinki da nisa saboda yaron, ga shi har ya shiga wata na uku, kuma ba za a yi ta riƙe matar mutane ba. Amma ran da muke waya da ita na jiyo kukansa ta bayanta. Na ce, wannan wane irin kuka ne? Ta ce, "Malam, ƙyale shi, nono ya sha, tumbuɗi yake yi." Bakinta ne ya faɗa, muryarta ba ta yarda ba. Ni da ita mun san kukan nan. Da na matsa, sai ta gaya mini sauran: Hajiya, uwar mijinki Nasiru, ta riga ta yi magana da wanzami. Ta ce aman nan duk don na hana a cire wa yaron beli ranar suna ne, kuma da kun sauka za a cire, a fara yi masa ɗurar koko ya yi kumari.

Shi ya sa na sayi takarda. A waya ban da "to, Baba" babu abin da kike ce mini. Takarda kuwa ba ta jin kunyar kowa. In bakinki ya kasa, ki miƙa wa Nasiru ita ya karanta.

Kin san kina da wa wanda ba ki tarar ba. A gida "marigayi" ake ce masa, a wuce wurin. Shi ne ɗanmu na fari. Lokacin ina matashin magidanci, ina noman auduga, muna zaune a gidan kakanki, tsakar gida cike da mata. Innarki ba ta kai shekarunki ba. Kin san yadda ake yi da ɗan fari: uwa ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in yana kuka ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Innarki ta iya wannan kunyar har ana misali da ita. Yaro zai yi ta kuka, ita tana daka. Sai an ce, "Ke, je ki ba shi mana," har sau nawa, sannan ta shige ɗaki. Ya riga ya galabaita da yunwa, ya kama da haɗama, ya cika ciki tam, ita kuma ta kwantar da shi ta fito da sauri kada a ce ta daɗe. Kafin ta ɗauki taɓarya ya dawo da shi duka.

Kakarki Goggo, Allah ya jiƙanta, takan yi dariya ta ce, "Tumbuɗi ne, ƙoshi ne ya yi masa yawa. Mai tumbuɗi ai shi ke ƙiba."

Kuskurena na fari ke nan: na karɓi kalmar nan na kwanta a kanta. Goggo ba ƙarya ta yi ba. Yawancin jarirai suna tumbuɗi, nono ya gangaro ta gefen baki, a goge, yaro na wasansa, yana sha da marmari, cinyarsa na cika. Wannan ba ciwo ba ne, wanki ne kawai, kuma yakan tafi da kansa wajen lokacin da yaro ya zauna ya fara miƙewa. Ke ma kin yi shi, kin ɓata mini riguna. Amma na marigayi ba irin wannan ba ne. Yakan kama nono ya saki da ihu, ya banƙare kamar baka, ya juya kai yana ƙin abin da yake so. In an kwantar da shi kukan ya ƙaru. Ga shaƙuwa, ga wani tari busasshe, muryarsa ta dushe. Kuma wanda aka ce zai yi ƙiba, sai ga wuya yana tsawo, kambun hannunsa yana zamewa. Duk ina gani. Amma tunda an ba abin suna mai daɗi, sai na bar idona ya bi kunnena.

Don haka, Binta, kada ki tsaya kan abin da ya fito daga bakinsa. Dubi yaron. Yana sha cikin daɗi ko da faɗa? Yana ƙaruwa ko yana tsaye? Ki kai shi awo, sikeli ba ya fara'a da kowa. Kuma abin da na jiyo a wayar nan, da abin da innarki ta ce na ramarsa, ya isa a kai shi gaban likita ba sai an jira komai ba.

Da ramar marigayi ta fito fili sai aka ce beli ne, shi ke taɓo masa maƙogwaro yana amai. An cire masa ranar suna, amma wanzami ya leƙa ya ce ai ya tsiro, saura ne. Ni na je na kira shi, ni na biya. Ban tsaya a wurin ba, ina zaure ina jin ihun. Jini ya daɗe bai tsaya ba. Yaron da da ma da ƙyar yake sha, sai ya zama ga miki a wuya, ya kwana biyu ba ya kama nono. Aman kuwa ko gezau. Ba na zagin wanzamin. Abin da ya gada ya yi, kuma har ya mutu muna gaisawa. Ni ne na kai masa ɗana. Ciwon yana can ƙasa a bakin tumbi, mu muna yanka a sama. Wannan ne dalilin da na rantse a waya ranar sunan ɗanki, har baffanninki suka ce zaman kudu ya ɓata ni. Su faɗa. Su ne dai suke noma gonata ba su taɓa aiko mini da ko tiya ɗaya ba, ban ce komai ya ɓata su ba.

Kada aska ta shiga bakin yaron nan. Ko da za a yi fushi da ke shekara.

Daga nan sai ɗura. Tunda ba ya shan nono sosai, Goggo ta ce yunwa za ta kashe shi. Ta dama koko, ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa ta toshe hanci. Kin ga ana yi, kin san yadda yaro ke haɗiya don neman numfashi. Cikin ya yi tim, ta ce, "Yauwa, yau ka ci abinci." Tana ɗaga shi ya dawo ta baki ta hanci, ya ƙware, idanu suka firfito. Ta hura masa fuska, ya dawo. Gobe aka sake. Innarki tana bakin ƙofa tana tsince wake, hawaye na zuba cikin faifan, ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba. Uwata ce, ta raini tara, wane ni.

Tarin ya sauka ƙirji. Zazzaɓi ya shigo, numfashi ya koma sama sama, haƙarƙari na shiga ciki. Na ce bari a auna auduga tukuna. Da muka kai shi asibiti a Malumfashi, likita ya sa abin saurarensa, ya daɗe, ya ce ƙirjin ya cika. Ya tambaya ko ana yi masa ɗura. Na ce e. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sun yi iya yinsu, ya kwana uku, muka dawo da zani.

Ban ce ni na kashe shi ba, ban ce Goggo ba. Kwana ya ƙare. Amma Allah da ya rubuta kwana shi ya ba mu ido da hannu, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da su. Kada a yi wa ɗanki ɗura, ko ta koko ko ta ruwa ko ta dauri. Nononki ya ishe shi har ya cika wata shida. Bayan nan ma da cokali, yana zaune, in ya kau da kai a ƙyale shi.

Akwai abin da ya fi waɗannan ci mini rai, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Wata ranar Laraba na dawo daga gona da hantsi, fartanya ta karye. Gidan ba kowa, mata sun tafi barka, innarki ta zaga rijiya. Marigayi yana kan tabarma yana wannan kukan. Na duba hagu na duba dama, na ɗauke shi. Ban taɓa ɗaukarsa ba sai ran nan. Ban ma iya ba, sai na jingina shi a ƙirjina, kansa a kafaɗata, ina ɗan bubbuga bayansa don ban san abin da ake yi ba. Ya yi wata gyatsa kamar babban mutum. Kukan ya tsaya. Na ji jikinsa ya saki, numfashinsa a wuyana, ya yi barci. Ina tsaye a tsakar gida kamar an dasa ni.

Sai na ji sallamar abokina Ɗanjuma a zaure, ya leƙo. Ya ce, "A'a! Isiyaku, yau raino ake? Bari in samo maka zani ka goya, in ya so ka ba shi nonon ma." Na yi maza na shimfiɗe shi kamar wanda aka kama da kayan sata. Na ce, "Kuka ya dame ni da shi." Muna fita na ji ya amayar, kukan ya dawo. Ban waiwaya ba.

Maganin yana hannuna, Binta. Na ajiye shi a tabarma don kada Ɗanjuma ya yi mini dariya.

Ban gane haka ba sai a kan ƙanenki Sagir. Ke da mai bi miki lafiya lau kuka tashi. Sagir na zuwa, sai ga banƙarewar nan, ga kukan nan. Wannan karon innarki ba ta tambayi kowa ba. Ta goya shi, ta ce mini, "Malam, Funtua za ni. In za ka, taso. In ba za ka ba, ba ni hanya." Tun da na aure ta ban taɓa jin wannan muryar ba. Na bi ta.

Bayan likita ya duba shi, sai ya haɗa mu da wata sista, Rahila, Kirista ce 'yar wajen Malumfashi, Hausarta ta fi tawa. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka taɓa ɗaure buhu?" Na ce sana'ata ce. Ta ce, "To tumbi buhu ne, akwai ɗauri a bakinsa. Na jariri igiyar ba ta yi ƙwari ba. In ka cika buhu tam, ɗaurin sako sako, ka kwantar da shi, me zai faru?" Na ce zai zube. Ta ce, "In ka zuba rabi ka jingina shi tsaye fa?" Na ce zai zauna. Ta ce abin da ke dawowa ba nono kaɗai ba ne, yana haɗe da ruwan tsamin da ke narkar da abinci, kuma ruwan nan ƙuna yake yi. A wasu yaran ba ya damunsu. A wasu yakan ƙone hanyar abinci, wani lokaci ya ɓata hanya ya shiga ta numfashi. "Ƙwarnafin da ke hana ka barci in ka cika tuwo," in ji ta, "shi ne a ƙirjin wanda ba ya iya cewa wayyo."

Sai ta ɗauki Sagir ta ɗora mini shi a kafaɗa, daidai yadda na yi ran Larabar nan. Ta ce, "Haka za a riƙe shi in ya sha." Na juya fuska bango. Ta ɗauka kunya ce, ta ce, "Malam, ba a mutuwa don an ɗauki ɗa." Na ce, haka ne, Sista. A raina na ce, rashin ɗaukar ne ke kisa.

Ga abin da ta koya mana, ki riƙe. Kada ki jira sai ya yi kuka ya gaji. Da ya fara tsotsar hannu ki ba shi, kaɗan kaɗan, a kai a kai, kansa sama da cikinsa. A tsakiya ki tsaya ki sa shi gyatsa. In ya gama ki riƙe shi tsaye a ƙirjinki kamar rabin awa, ba jijjiga, ba cilla shi sama, ba ɗaure ciki tamau da majanyi nan take. In zai yi barci ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Za a ce miki ki kifa shi don kada ya ƙware. Kada ki yarda, kifawar ta fi haɗari. Ki nisanta shi da hayaƙin murhu. Kada ki yaye shi, kada ki ce nononki ne ba kyau. Kada a jiƙa masa kanwa, kada Nasiru ya je kemis a haɗo masa maganin olsa na manya. Akwai magani, Sagir ya sha na ɗan lokaci, amma likita ne ya auna shi ya rubuta, shi ya ce a daina.

Akwai kuma abin da ba a kwana da shi. In aman ya zo kore ko rawaya, ko da jini, ko baƙi kamar dusar shayi. In yana feso shi da ƙarfi can nesa duk shan da ya yi. In ciki ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko fitsari ya ɗauke, maɗiga ta faɗa. In numfashi ya yi wuya, ko leɓe ya canja launi, ko ya yi laushi ba ya ko kukan. Wannan ya wuce zancen tumbuɗi, wata cutar ce ta daban take iya zama. Ki ɗau mayafi ki tari mashin. In mijinki yana gona, a gaya masa a hanya. Ni na jira a auna auduga.

Sagir ga shi nan kin gan shi, ya fi ni tsawo in ji innarki. Yana fara tafiya abin ya sake shi. Sai dai da ya tasa yakan dafe ƙirji ya ce wuta, bakinsa na tsami da safe. Ke kanki kin sha yi masa tsiya wai ragon maza. Ba ragwanci ba ne. In ɗanki ya girma ya yi haka, kada a cika masa tuwo ya faɗa tabarma nan take, a ba shi da wuri ya zaga. A rage masa yaji da maiƙo da lemon kwalba. In ya ƙi bari, ko haɗiya ta yi masa wuya, a koma asibiti.

Yanzu zancen Hajiya. Ba maƙiyiyarki ba ce. Tsoro take ji, irin wanda Goggo ta ji, kuma abin da ta sani ta miƙo. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda aka koya miki. Kada ki ce mata "Babana ya ce." Ki ce, "Hajiya, mijin nan naki ya ƙi lafiya, ki raka ni a duba shi." Ku tafi tare, ta ji da kunnenta. In ya sha nono ki miƙa mata shi ki ce an ce sai a kafaɗa. Kaka ba ta kunyar jika, za ta riƙe shi har hannunta ya sage, tana yi masa kirari. Hannun da zai yi ɗura, ki ba shi wani aikin.

Amma shayarwar ba mai yi miki. Ɗan fari ne, gidan surukai ne, kuma ke 'yar innarki ce, na san kunyar da aka zuba miki. Za ki ba shi nono sau da yawa, a gaban wanda duk ke wurin. Za a ce ba ki da ta ido. Matan gidan za su ce, "Oh, 'yan zamani, ɗan fari kamar ɗan auta." Ki yi murmushi ki ci gaba. Kunya ado ce, ban hana ki ba: kada ki kira sunansa in ba ki so, ki ce "yaron nan" har ya yi gemu. Amma ki ɗauke shi. Masu irin dariyar nan, ran da muka dawo daga Malumfashi, sun zo sun ce Allah ya ba da haƙuri, suka tafi cin tuwonsu. Ɗanjuma har yau bai san ya yi komai ba, kuma gaskiya bai yi ba.

Nasiru, in takardar nan ta iso hannunka: na ba ka 'yata ban gan ka ido da ido ba, an ce kai mutumin kirki ne, na yarda. Ban ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba. Ka sallami wanzamin da kanka, ka ba shi goronsa, kada ya tafi da ɓacin rai. In abokanka sun same ka da ɗa a kafaɗa, ka bar shi a kafaɗar.

Na gaji, hannuna ya saba da buhu ba da biro ba. Allah ya kai ku Bakori lafiya, ya tsare hanya gaba da baya. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya sa ya rayu ya yi mini rashin kunya. Allah ya sanya alheri tsakaninki da Hajiya. Ki ce wa innarki na ji abin da muryarta ta faɗa. Ki roƙa mini gafara wurinta, ta san ta mece ce.

Direban da ya kawo masara daga Funtua zai ba Sagir saƙo. Ga abin da na iya tarawa bana, ba ƙari ba ragi: kuɗin mota daga Bakori zuwa asibiti da dawowa, na mutum uku, har da Hajiya. Kuɗin ganin likita da abin da zai rubuta. Zanen goyo ɗaya. Kuɗin motata na zuwa gida da Sallah yana ciki, don haka kada a sa ido, damina ta biyar a nan za ta same ni.

Sauran lissafin ba a aikawa da shi. 'Ya'ya biyar aka ba ni, huɗu na riƙe. Na farkon na ɗauke shi sau ɗaya, ban kira shi ko sau ɗaya ba.

Sunansa Habibu.

Mahaifinki,
Isiyaku